Harafi na Ashirin da Biyar

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa uwarku ta bar aikin ƙungiyar manoma ne saboda an kawo Shari'a, babanku ya ce ta zauna a ɗaki. Na sha jin wannan magana a gidan biki da gidan suna, ban taɓa musantawa ba, domin ta fi gaskiyar sauƙin ɗauka. To yanzu babanku ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba na so ku riƙe shi da abin da bai yi ba. Bai taɓa hana ni fita aiki ba, ko na yini ɗaya. Sallamata aka yi, kuma waɗanda suka sallame ni suna da hujjarsu. Ga yadda abin ya kasance.

Lokacin muna zaune a Gwarzo, gida ɗaya da Inna, kakarku ta wajen uba. Umar yana da shekara uku, Hadiza tana goye. Zamani ne na tsuke bakin aljihu, kowa yana ta maneji. Babanku malamin lissafi ne a sakandare, amma 'yar gonarsa ta hanyar Kara ita ce ta fi riƙe tukunyarmu. Takin zamani kuwa ya yi wuyar da har raɗa ake yi a kansa. Kaɗan-kaɗan ake sakinsa ta hannun ƙungiyoyin manoma, wanda duk sunansa bai shiga takarda ba sai dai ya tsaya yana kallon masararsa tana komawa ruwan ɗorawa.

Akwai wata ƙungiya mai sito da ofis a Kabo, mambobinta daga ƙauyukan Kabo har na Gwarzo. Wani shirin noma da ya tattara ya tafi ya bar musu tsohuwar kwamfuta ɗaya, da firinta mai ƙara kamar keken ɗinki, da ɗan janareta. Shugabansu, Alhaji Lawan, mutum ne mai son sabon abu, mai son a ce a wajensa aka fara gani. Ya ji labarin matar malamin lissafi ta yi karatun kwamfuta a Kano kafin aurenta, sai ya zo har zaure ya samu babanku. Ina daga ciki ina jin su. Bayan sun gaisa sun sake gaisawa, Alhaji ya kawo buƙatarsa, babanku ya yi dariya ya ce:

"Alhaji, ni ban san kan kwamfuta ba, ita ta sani. Bari a kira ta ka ji daga bakinta."

Haka na fara zuwa Kabo sau uku a mako. A shekarar an fara raba kujerun mota, mata a baya maza a gaba, ni kuwa hakan bai dame ni ba, na fi samun wurin miƙe ƙafa in ba Hadiza nono.

Injin nan ba shi da ƙarfi. In na ɗora masa manyan manhajojin ajiyar bayanai sai ya yi ta nishi kamar jakin da aka lafta wa kaya. Don haka na zauna na rubuta tawa da yaren da ake kira C. Yare ne da ake yi wa inji magana kai tsaye, ba tafinta a tsakani. Abin da ka ce shi zai yi, ko rijiya ka ce ya faɗa ba zai tambaye ka dalili ba. Kowane manomi na ba shi layi guda: lambar katinsa, sunansa, sai yawan buhunan da kwamiti ya yanka masa, sai ƙauyensu. Don tattalin wuri na ware wa suna gurbin harafi ashirin da huɗu, na kuma sa duk sunan da ya zarce haka a datse shi daidai ashirin da huɗu. Ina ji da aikina ƙwarai a lokacin. Duk rubutun da aka yi sai manhajar ta rufe fayil nan take, saboda janaretan nan yana iya yin tari ya mutu ba sallama. Kullum in zan tashi sai na kwafi komai a faifan kwamfuta biyu, ɗaya ya kwana a ofis, ɗaya in naɗe shi a hankici in sa a jaka. Ina kuma da ɗan littafi da nake rubuta duk canjin da na yi da ranar da na yi shi. Malaminmu na Kano ya koya mana haka, ni kuma na ɗauka wanda ya kiyaye waɗannan ya gama tsira.

Abokin aikina shi ne magatakardan ƙungiyar, Baba Garba, mutumin Durun. Dattijo ne siriri, mai farin gemu, wanda ya riƙe babban littafin ƙungiyar tun kafin a yaye ni. Ya san kowane manomi, ya san ubansa, ya san iyakar gonarsa. Makullin sito ma yana hannunsa. Da fari bai yarda da kwamfutar ba, "akwatin nan" yake ce mata, yana karanto min sunaye daga nesa kamar za ta cije shi. Sannu a hankali ya matso, har na koya masa bugawa da yatsa biyu. Da hannunsa ya faɗa, sai ya ɗauki aikin gyaran sunaye a ranakun da ba na zuwa, domin masu suna Musa Ibrahim kawai sun isa su cika sahun masallaci. Yakan ƙara wa mutum sunan kaka, ko laƙabi, ko unguwa.

"'Yata," in ji shi, "mutum ba lamba ba ne. In Musa Mai Rake ya karɓi rabon Musa na Liman, wa za a tambaya ranar gobe? Ni za a tambaya."

Da sunaye suka yi yawa, neman mutum ɗaya ya fara ɗaukar lokaci, domin injin yana bin layi ne ɗaya bayan ɗaya, manomi yana tsaye a rana. A nan na ƙara wa manhajar abin da masu sana'armu ke kira hash. Wani lissafi ne da ke niƙa rubutu, komai tsawonsa, ya fitar da 'yar gajeriyar lamba. Rubutu iri ɗaya kullum lamba ɗaya zai ba ka, amma ka canza harafi guda, lambar ta zama wata dabam. Sai na kasa sunayen cikin kwanduna, lambar da sunan mutum ya bayar ita ke nuna kwandon da yake ciki. Maimakon a bincike sito gaba ɗaya, kwando guda za a buɗe. Kafin mutum ya gama faɗin sunan ubansa, layinsa ya fito. Alhaji Lawan ya yi ta kawo baƙi suna kallo. Wata rana ya ce min babbar haɗakar ƙungiyoyi a Kano tana neman wanda zai yi mata irin wannan aiki, kuma shi sunana zai kai. Na dawo gida ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Har na fara tunanin unguwar da za mu zauna a birni.

Damina ta faɗi, motar taki ta farko ta iso. Kwamiti ya yanke cewa bana abin da kwamfuta ta nuna shi za a bi, ba roƙo, ba sanayya. Da hantsi wani manomi daga Kara, Malam Audu, ya iso da amalankensa. Na buga sunansa, ya fito. Gurbin buhu kuwa sifiri.

"Malama, sake dubawa," in ji shi. "Huɗu aka rubuta min. A gabana aka rubuta."

Na sake dubawa, sifiri. Aka ce ya koma gefe a bincika daga baya. Kafin la'asar an tara irinsa a gefe, kashegari aka ƙara wasu, duka mutum goma sha ɗaya. Taki kuwa dama bai kai yawan mutane ba, cikin yini biyu sito ya koma wayam. Malam Audu ya juya amalankensa ba komai a ciki.

Na ɗauko tsohon faifai na duba, na ga tabbas huɗu aka sa masa tun farko. Ke nan daga baya aka canza. Na zargi faifan, na gwada shi, lafiyarsa lau. Na zargi janareta, na yi ta kashe shi da gangan ina tsakiyar rubutu a kan kwafi, ba abin da ya lalace. Na nemi ƙwayar cutar kwamfuta, babu. Komai na zarga a ɗakin nan, ban da hannuna.

Gari kuwa bai jira bincikena ba. Aka fara cewa wani ne ke goge rabon mutane yana karkatar da buhunan. Mutum biyu ne ke taɓa injin, kuma ɗaya daga ciki shi ke riƙe da makullin sito. A wannan shekara kalmar ɓarawo ta ƙara nauyi, ko'ina zancen amana ake yi da kotu da hukunci. Na ji an ce a Durun, Baba Garba da yake jan salla in liman ba ya nan, an fara tura wani gaba. Alhaji Lawan ya kira ni gefe ya rage murya.

"Malama Binta, mota ta biyu tana tafe nan da mako uku. Akwai yadda za a yi injin nan ya faɗa mana lokacin da ake taɓa shi?"

Na ce akwai. Na ma ji daɗin tambayar, kada in ɓoye muku. Na mayar wa kowa da adadinsa daga tsohon faifai, sannan na sake ɗauko lissafin hash ɗin nan na ba shi sabon aiki. Na sa ya niƙa lambar katin kowane manomi tare da yawan buhunansa, lambar da ta fito na kira ta hatimi. Hatiman duka na ajiye su a faifan da ke jakata, ba a cikin injin ba. Duk safiyar da na zo sai in sa a sake lissafin a gwama da na jakata. Layin da aka taɓa buhunsa, hatiminsa ba zai dace ba. Ban gaya wa Baba Garba ba. Kullum in shigo in durƙusa in gaishe shi, ina kwana Baba, ina gajiya, yaya mutan gida, ya amsa da fara'a ya tambayi Hadiza, ni kuma in wuce in duba tarkona.

Cikin kwana goma hatimi bakwai suka karye. Dukkansu a ranakun da ba na nan.

Na buga sunayen bakwai a takarda na kai wa Alhaji Lawan. Ya daɗe yana kallonta, ya yi salati, ya ce ranar Asabar za a zauna gaban dagaci da liman. Baba Garba zai rantse da Alƙur'ani, in ya ƙi, sai kotu.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina zaune a tsakar gida, na baza takardun a kan tabarma ina shirya abin da zan faɗa. Inna tana gefe tana tsintar wake a faifai. Ita ba ta yi boko ba, ko baƙi ɗaya ba ta sani, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Ta leƙo.

"Binta, waɗannan 'yan tururuwan su ne sunayen mutanen?"

Na ce su ne, Inna.

"To na waccan takardar wasu dogaye wasu gajeru, kamar yaran makaranta. Na wannan kuwa duk kansu ɗaya, sun kai bango. 'Yan gida ɗaya ne?"

Na ɗora yatsa na fara ƙirga haruffa. Na farko ashirin da huɗu. Na biyu ashirin da huɗu. Duk bakwai ɗin haka. Na tashi na ɗauko takardar mutum goma sha ɗaya na farko, har da Malam Audu. Kowane suna ya cika gurbinsa taf, an datse wutsiyarsa. Ɓarawo ba ya zaɓen mutane da tsawon suna.

Da sassafe ranar Juma'a babanku ya ɗauke ni a babur zuwa Kabo, domin ba ni da haƙurin jiran mota ta cika. Ba kowa a ofis. Ya ja janareta, ni kuma na buɗe kwafi, ba ainihin fayil ba. Na ƙirƙiri manomin da babu shi, na ba shi buhu biyar. Na shiga wajen gyaran suna na sa masa gajeren suna, biyar tana nan. Na sake gyarawa na sa dogo. Sifiri. Na maimaita sau uku, sau uku tana komawa sifiri, ba Baba Garba a ɗakin, ba kowa sai ni. Sannan na buɗe cikin fayil ɗin tsurarsa, inda ake ganin abin da ke kowane gurbi, na ga abin da idona.

Bari in yi muku bayani yadda na yi wa babanku. A yaren C, kowane rubutu yana ƙarewa da wani ɓoyayyen sifiri, kamar igiyar ɗaure bakin buhu. Sunan da ke da harafi ashirin da huɗu, gurbi ashirin da biyar yake buƙata. Ni ashirin da huɗu na ba shi. Wannan na ashirin da biyar ɗin sai ya tsallaka ya faɗa ɗakin maƙwabci, maƙwabcin kuwa shi ne yawan buhu. Ranar da aka fara shigar da mutum abin ba ya nunawa, domin bayan suna ake rubuta buhu, sai ya rufe ɓarnar. Amma in suna kaɗai aka gyara, sifirin ya zauna daram. Wa ke gyaran suna? Wa ke tsawaita su don kada rabon wani ya tafi ga wani? Ƙoƙarin dattijon nan na tsare amana shi ne yake taka nakiyar da na binne. Hatimina bai yi ƙarya ba, ya faɗi cewa an canza, ya faɗi ranar. Ni ce na ƙara masa abin da bai faɗa ba.

Babanku yana jingine da ƙofa. Ya ce:

"Gyaran mai yawa ne?"

"Harafi ɗaya. A wajen datse suna, in mai da huɗun ashirin da huɗu ta zama uku, shi ke nan."

Ya ce:

"In kin gyara kin yi shiru, taki zai daina ɓata. Mutane kuma za su ce Garba ya ji tsoron Alƙur'ani ya daina."

Na ce na sani. Na ce masa kuma in na yi magana, aikin Kano ya tafi. Ya ce shi ma ya sani. Na jira ya ce min yi kaza, bai ce ba. Ya fita ya kashe janareta, ya ce mu tafi kada ya rasa Juma'a.

Inna ce ta yi magana da yamma, da na zayyana mata. Tsohuwar nan tana ƙaunata, kuma ta riga ta gaya wa ƙawayenta surukarta za ta yi aiki a birni.

"Ki ce akwatin ne ya lalace mana. Wa zai kai akwati kotu? Garba ya fita, ke ma kin fita. Ke 'ya mace, a gaban maza cike da rumfa, ki ce ni ce? Har jikokinki sai an yi musu gori."

Na ce, "Inna, akwatin abin da na ce masa shi ya yi. In na ce lalacewa ya yi, rabi za su yarda, rabi su ce rufa wa tsoho asiri aka yi. Haka zai mutu da rabin nan."

Ta ja tsaki ta ce da ta sani da ba ta leƙa takardar ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Amma da safe ita ta karɓi Hadiza daga bayana, ta ce in tafi ba goyo, kada kuka ya katse min magana.

An yi zaman a rumfar gaban sito. Dagaci yana kan kujera, liman a gefensa da Alƙur'ani naɗe cikin gafaka, 'yan kwamiti da manoma a kan tabarmi. Ni kaɗai ce mace, ina daga bakin ƙofar ofis. Baba Garba ya riga ya yi alwala, ruwa bai bushe a gemunsa ba. Ya zauna shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da na kusa da shi. Alhaji Lawan ya fara bayani yana ɗaga takardata. Na ce:

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ina da magana kafin a buɗe Littafi."

Na roƙi dagaci da liman da Alhaji su shigo su tsaya bayana. Na buɗe layin gwaji mai buhu biyar, na ce liman ya ba ni suna gajere, ya bayar, buhu biyar suka tsaya. Na ce ya ba ni dogo, ya ba ni cikakken sunan mahaifinsa. A gaban idonsu biyar ta koma sifiri. Na fito bakin ƙofa inda kowa zai ji, na ce:

"Ba wanda ya saci taki. Baba Garba bai taɓa ko mudu ɗaya ba. Ni na rubuta abin da ke cikin injin nan, kuma na yi kuskuren harafi ɗaya. Duk wanda ya rasa rabonsa bana, ta hannuna ya rasa. Ku yafe ni."

Rumfa ta kaure. Muryar Malam Audu ta fi ta kowa fitowa.

"Harafi? Yanzu masarar tawa harafi ne ya cinye ta?"

Alhaji Lawan fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, domin shi ya kawo injin, shi ya kawo ni, shi ya tara mutane. Liman ya yi hamdala da ba a kai ga rantsuwa ba, ya ce a nemi gafarar dattijo. Mutane suka yi ta miƙa masa hannu. Baba Garba ya karɓi hannun kowa, ya tashi ya sa takalmansa, ya bi hanyar Durun. Ko inda nake bai kalla ba.

A zaman nan kwamiti ya yanke a koma babban littafi, a rufe kwamfuta, Malama kuma a gode mata ta huta. Na roƙi rabin awa. Na shiga na mai da huɗu ta zama uku, na gwada da dogon suna har na gamsu, na rubuta a ɗan littafina, na lulluɓe injin da zane. Ban so in bar shi da cuta ko da ba mai sake kunna shi. Zancen Kano kuwa ba a sake tayar da shi ba. Wanda aka kai a madadina na ji har Abuja ya kai.

Da mota ta biyu ta zo, waɗanda aka zalunta aka fara ba, amma masara ba ta jiran uzuri, lokaci ya riga ya ja. Tun kafin ta iso, babanku ya ɗauki buhu biyun da muka samu tun motar farko, waɗanda ya ajiye don zubi na biyu, ya ɗaura a babur ya kai wa Malam Audu. Bai shawarce ni ba. A shekarar rumbunmu bai kai rabi ba, mun ci rogo har ya fita ranmu. Inna ta yi ta mita, amma in wata ta kawo zancen a gidan suna, ita ke fara tare ta.

Umar, kai da ka gaji wannan sana'a, ga abin da na saya da tsada, na ba ka kyauta. Kada ka gyara cutar da ba ka iya tayar da ita da hannunka sau uku ba. In abubuwa suna lalacewa, jera su ka dubi abin da ya haɗa su, ko da wanda bai iya karatu ba ne zai duba maka. Kuma kafin ka zargi faifai, ko wuta, balle ɗan Adam, fara buɗe abin da kai ka rubuta.

Ban yi nadama ba, amma watannin farko sun yi min nauyi, musamman shirun Baba Garba. Sai bayan kaka, wata ranar Laraba da hantsi, aka yi sallama a zaure. Babanku ya leƙo ya ce in sa mayafi, ina da baƙo. Na tarar da dattijon zaune a kan buzu, da wata budurwa a rakuɓe a bayansa. Na durƙusa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambayi yara. Sannan ya ce:

"'Yata, wata biyar ina fushi da ke. Ba don kuskuren ba, kowa yana yi. Ni ma na taɓa tsallake shafi guda a littafi. Abin da ya ci min rai, kwana goma kina gaishe ni da safe, tarkonki yana jaka. Da kin ce, Baba, abu yana canzawa a ranakunka, zo mu duba tare, da a yini ɗaya mun gano."

Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan tabarma. Na ce gaskiya ne, Baba.

"To na yafe, duniya da lahira. Ba shi ya kawo ni ba ma." Ya juya ya nuna yarinyar. "Wannan autata ce, Safiya. Ta gama sakandare tana zaune. Kwamiti sun ce akwatin nan yana tare musu wuri, na ce su ba ni aro. Yana waje a kan amalanke. Ki koya mata."

Na ce, "Baba, ni da aka sallama?"

"Na ga masu ilimi da yawa," in ji shi. "Ban taɓa ganin wanda ya tsaya a rumfa ya ce ni ne ba. Ki haɗa mata da wannan."

Antinku Safiya ke nan, wadda ke riƙe da makarantar kwamfutarmu ta bakin kasuwa yanzu da gwiwoyina suka ƙi. A ɗakin Inna na tsakiya muka fara, domin shi kaɗai ke da soket mai aiki. Tsohuwa ta yi ta faɗa an cika mata ɗaki da wayoyi, sannan ta kwashe kwallayenta da hannunta ta ba mu teburin.